Yadda Ake Zaƙulo Littattafai Masu Kyau a Manhajar Aron Littafi ta Laburare

Mutum ya yi katin laburare, ya sauke manhaja a waya, ya rubuta sunan littafin da kowa ke zancensa a bana, sai manhajar ta ce ya jira wata huɗu. Ya gwada na biyu, haka. Na uku ma babu shi sam. Daga nan sai ya rufe, ya yanke hukunci cewa babu abin kirki a ciki. Alhali a daidai wannan lokacin akwai dubban littattafai a zaune babu mai aro, da yawansu sun fi wanda yake nema daɗi da amfani. Matsalar tana wajen da ya fara. Wanda ya shiga da suna guda a hannu layi zai tarar. Wanda ya shiga da rariya, ya tace abin da ke ƙasa, shi ke fita da littafi a ranar.

Wannan bayani ya fi karkata ga Libby, manhajar kamfanin OverDrive na birnin Kilibilan a jihar Ohayo, domin ita ce mafi yawan laburaren gwamnati a Amurka da Kanada ke amfani da ita, da kuma da dama a Ingila da Ostareliya. An fito da ita a 2017, tsohuwar manhajar OverDrive kuma an rufe ta a watan Mayun 2023. Idan laburarenka BorrowBox yake amfani da ita, kamar yadda ake yi a ƙananan hukumomi da yawa na Ingila da Ailan, ko cloudLibrary, ko Hoopla, sunayen maɓallai za su bambanta, amma dabarar ɗaya ce. Mai zaune a Kano ko Maraɗi ma akwai nasa rabon a ƙasa.

Me ya sa ake bin layi a kan abin da ba takarda ba

Sai an fahimci wannan sauran bayanin zai zauna. Laburare ba ya sayen littafin intanet ya mallake shi kamar na takarda. Lasisi yake saya daga kamfanin ɗab'i, kuma ƙa'idar da ta fi yawa ita ce kwafi ɗaya, mai karatu ɗaya a lokaci guda. Idan laburare ya sayi kwafi 5, mutum 5 ne kawai za su riƙe littafin, na shida ya jira.

Lasisin kuma yana ƙarewa. Tun 2011 kamfanin HarperCollins ya ƙayyade cewa kowane kwafi sau 26 za a are shi, daga nan sai a sake saye. Penguin Random House ya koma tsarin shekara 2 a 2018, inda a lokacin kwafin littafin manya ya kai dala 55, wato ninkin-ba-ninkin abin da mutum ɗaya zai biya ya saya wa kansa. Wasu manyan kamfanonin sun bi sahu a 2019. Abubuwa uku ke biyo bayan wannan. Sabon littafi mai farin jini kullum yana da dogon layi, domin kuɗin laburare ba zai iya sayen kwafin da zai ishi kowa ba. Littafin da ka gani bara yana iya ɓacewa bana idan lasisinsa ya ƙare ba a sabunta ba. Sannan wanda ya ari littafi ya ajiye bai buɗe ba, a tsarin sau 26, ya cinye wa jama'a aro guda a banza.

Hoopla tata hanyar daban ce. Babu layi, ka danna ka samu nan take, domin laburare yana biya ne a kan kowane aro. Shi ya sa ake ƙayyade wa kowane kati adadin da zai ara a wata, wasu laburaren kuma suna da iyakar kuɗin da za a kashe a rana. Idan da yamma ta ce maka an kai iyaka, ba wayarka ce ta lalace ba, kuɗin ranar ne ya ƙare. Ka dawo da sassafe.

Kati da shiga

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ka je laburaren unguwarku da shaidar kai da takardar da ke nuna adireshinka, kamar takardar wuta ko ta haya, a ba ka kati kyauta. Da yawa suna ba da kati na wucin gadi ta shafinsu na intanet. Ka sauke Libby, ka nemi laburaren da sunansa ko lambar yankinku, ka shigar da lambar katin da lambar sirri. Idan ba a ba ka lambar sirri ba, ka tambaya tun kana wurin, domin rashinta ne ke tsayar da mutane da yawa a matakin farko.

Inda ya kamata a tsaya a yi tunani shi ne yawan katunan. Sau da yawa mutum yana da haƙƙin kati fiye da ɗaya bai sani ba: na garin da yake kwana, na garin da yake aiki, na babban birnin jiharsa. Babban laburaren Niyok, wanda rassansa suka haɗa da na Bironkis inda 'yan'uwanmu na Gana da Nijar suke da yawa, yana ba da kati ga duk wanda ke zaune, ko aiki, ko karatu a jihar baki ɗaya. Libby tana karɓar katuna da yawa a lokaci guda, kuma idan ka buɗe littafi tana nuna maka a wane laburare yake a zaune, a wanne kuma layinsa ya fi gajarta. Kati na biyu shi kaɗai yana iya rage jira sosai. Amma ka tsaya a kan katin da ka cancanta. Ba da adireshin ƙarya cin kuɗin harajin wasu ne, kuma laburare yakan bincika ya soke katin, layukan da ka bi duk su tafi tare da shi.

Rariya kafin suna

Ga aikin da kansa. Kada ka fara da akwatin bincike. Ka taɓa hoton ginin da ke ƙasan fuskar wayar, ya kai ka shafin laburarenku, sannan ka bi wannan tsari:

1. A cikin rariyoyi, wato maɓallan tace jerin littattafai ("filters"), ka zaɓi wadda ke nuna abin da ke akwai yanzu, wadda aka rubuta "Available now". Duk mai layi zai ɓace daga gabanka.
2. Ka zaɓi siffa: na karantawa ko na sauraro. In ba haka ba kowane littafi zai fito maka sau biyu.
3. Ka zaɓi harshe da rukunin masu karatu, manya ko matasa ko yara. Littattafan yara suna da yawan da zai cika maka jerin idan ba ka cire su ba.
4. Ka zaɓi fanni guda, misali tarihi.
5. Ka sake komawa cikin rariyar, ka ɗora fanni na biyu a kan na farko.

Mataki na biyar shi ne wanda mafi yawan mutane ba su sani ba, kuma shi ne ya fi amfani. Tarihi kaɗai zai iya ba ka littafi dubu da wani abu, ido ba zai iya bi ba. Tarihi da addini, ko tarihi da tarihin rayuwar mutane, ko labarin bincike na 'yan sanda da tarihi, zai sauko da shi zuwa gomomi. Abin da ake so shi ne jerin da za ka iya dubawa cikin minti goma, wato kamar littafi 40 zuwa 150. Idan ya haura haka ka ƙara rariya, idan ya gaza 20 ka cire guda.

Sai kuma yadda aka jera su. Idan ka jera bisa farin jini alhali rariyar "akwai yanzu" tana aiki, abin da zai hau sama shi ne littattafan da jama'a suka yi rububinsu shekara biyu ko biyar da suka wuce, aka sayi kwafi da yawa, yanzu kuma hayaniya ta lafa. Nan ne ma'adinin yake. Littafi bai lalace don ya kwana biyu ba, mutane ne kawai suka koma kan sabo. Idan ka jera bisa ranar da aka ƙara shi a laburare, za ka ga abin da aka sayo a satin nan, wani lokaci kafin kowa ya lura. Ka kula, ranar ƙarawa daban take da ranar fitowar littafin: ana iya sayo littafin 1995 jiya. Duba wannan jeri sau ɗaya a sati yana sa ka zama na uku a layi maimakon na ɗari uku.

Rariyar da kake so kullum, kamar harshe da siffa, ana iya kafe ta ta yadda ba sai ka sake zaɓa ba duk lokacin da ka buɗe. Amfaninta a fili yake, amma tana da tarko. Wata uku bayan haka za ka nemi littafin da ka tabbata akwai shi, manhajar ta ce babu, domin ka manta ka kafe "na sauraro kawai" ko "akwai yanzu". Duk sanda bincike ya dawo fanko, kafin komai ka dubi saman shafin ka ga ko akwai rariyar da ke kafe.

Kada kuma ka wuce jerin da ma'aikatan laburare suka haɗa da hannunsu a shafin farko. Mutane ne da karatu da zaɓen littafi shi ne aikinsu, sun san abin da suka saya da dalilin sayensa. Wasu laburaren kuma suna ware kwafin sababbin littattafai masu dogon layi su sa a wani rukuni na tsallake layi, mai alamar ganye kore. Wanda ya riga gani shi ke ɗauka, yawanci na kwana 7, ba a sabuntawa. Idan ka ga wanda kake jira a nan, ka ɗauka, amma sai in kana da lokacin gama shi a satin.

Ɗanɗano kafin aro

A kasuwa ba a sayen buhun shinkafa sai an zura hannu. Kusan kowane littafi a Libby yana da ɗanɗano, farkon littafin da za ka karanta ko ka saurara ba tare da ka ara ba, ko da kuwa yana da layi. Ka mai da wannan al'ada: babu aro, babu shiga layi, sai an ɗanɗana.

Ga abin da za ka duba. A littafin labari, shafi goma sun isa ka gane ko muryar marubucin ta shige ka. Ba sai labarin ya yi zafi ba, tambayar ita ce ko ka ji kana son jin jimla ta gaba. A littafin ilimi, ka fara da jerin babi-babi. Idan kanun babin suna faɗin abin da ke ciki, marubucin ya san inda ya dosa. Ka karanta gabatarwa ka ga ko ya bayyana abin da zai kafa hujja a kai, ko kuwa alkawari yake ta yi. Littafin da ya cinye shafi ashirin yana gaya maka yadda zai sauya rayuwarka bai faɗi komai ba, haka zai ci gaba har ƙarshe.

A ƙasan shafin littafin akwai bayanan da mutane ke tsallakewa, ga su kuwa da amfani. Sunan kamfanin ɗab'i: na jami'a ne, ko sananne ne, ko kuwa suna ne da ba a taɓa ji ba? Shekarar fitowa: ga tarihi ko labari ba damuwa, amma ga lafiya, haraji, dokar shige da fice ko kwamfuta, littafin da ya haura shekara biyar yana iya ɓatar da kai. Lambarsa a jeri: da yawa sukan ari na uku a jerin labari su rasa gane kansa, domin na ɗaya yana da layi shi kuma na uku yana zaune. Idan fassara ce, ka duba sunan mai fassarar, domin tsofaffin littattafan Larabci, Rashanci ko Faransanci sukan zo da fassara uku ko huɗu, wata santsi wata kamar tauna tsakuwa. Ka ɗanɗana shafin farko na kowacce ka gwada. Sau da yawa kuma za ka tarar da gajeren sharhi daga mujallun da ke bitar littattafai, irin su Kirkus ko Library Journal. Sun fi abin da aka rubuta a bangon littafi gaskiya, domin na bango talla ne.

Akwai wani nau'in da ya kamata a yi hattara da shi. Ka rubuta sunan sanannen littafi, sai ga wani ya fito da suna kusan iri ɗaya, bango mai kama, kuma babu layi. Ka duba da kyau: sau da yawa taƙaitawa ce da wani daban ya yi, shafi 30 ko 40, wasu ma na'ura ce ta harhaɗa su. Alamominsu su ne sunan marubuci ya bambanta, ga gajarta, ga kalmar "Summary" a rubuce da ƙananan haruffa. Sun fi yawa a manhajojin da ake zubo wa laburare kaya jumla ba tare da ma'aikaci ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya ba.

Ga littafin sauraro, mai karantawa rabin littafin ne. Ka saurari minti biyar, ka ji ko lafazinsa yana shigar maka, musamman idan Turanci ba shi ne harshenka na farko ba. Ka duba tsawonsa, ka kuma tabbata cikakke ne ba wanda aka rage ba. Idan ka sami mai karantawar da ya yi maka, ka taɓa sunansa, manhajar za ta kawo duk abin da ya karanta. Wannan hanya ce mai kyau ta faɗawa cikin littattafan da da kanka ba za ka taɓa nema ba.

Yadda ake tafiyar da layin jira

Duk abin da aka faɗa ba yana nufin ka haƙura da sababbin littattafai ba. A tafi da abu biyu ne tare: na hannu da kake karantawa yanzu, da na layi da ke tafe.

Libby tana nuna yawan kwafi, yawan masu jira, da ƙiyasin lokaci. Kai ma za ka iya lissafawa. A ce mutum 60 ke jira, kwafi 5 ne, wa'adin aro kwana 14. Raba 60 gida 5, ya ba ka zagaye 12. Kowane zagaye sati 2, jimilla sati 24. Wannan shi ne mafi tsawo. A zahiri yakan zo da wuri, domin wasu suna mayarwa kafin wa'adi, wasu suna janyewa, laburare kuma yakan ƙaro kwafi idan ya ga masu jira sun yi wa kowane kwafi yawa. Saboda haka shigarka layi ba a banza take ba, ita ce ke nuna wa masu saye inda za su sa kuɗi. Adadin da ya kamata ka duba shi ne mutum nawa ke kan kowane kwafi. Layin mutum 400 a kan kwafi 100 ya fi layin mutum 12 a kan kwafi 1 sauri nesa ba kusa ba.

Kowane laburare yana ƙayyade yawan layin da kati ɗaya zai shiga da yawan littafin da zai riƙe. Ka duba naka a shafin katin. Tun da guraben kaɗan ne, kada ka ɓata su a kan abin da kake sha'awa kawai. Don wannan aka yi alamomi, waɗanda manhajar ke kira "Tags". Ka ƙirƙiri alama uku ko huɗu, misali "zan karanta", "na tafiya", "na yara", ka riƙa liƙa wa duk littafin da ya ja hankalinka. Ba su da iyaka kuma ba sa cin gurbi. Ranar da ka gama littafi, ka buɗe alamar "zan karanta", ka ɗora rariyar "akwai yanzu" a kanta. Idan ka tara littafi 50 a ciki, da wuya ka rasa biyar ko goma a zaune, kuma duk kai ka zaɓe su tun da farko. Wanda ya yi wannan ya daina zama babu abin karantawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne shiga layi takwas rana ɗaya, masu tsawo kusan ɗaya. Bayan wata biyu sai biyar su sauko a sati guda. Maganinsa a gauraya: biyu masu gajeren jira, biyu matsakaita, sauran masu nisa. Idan duk da haka suka taru, ka jingine wasu da maɓallin "Suspend hold". Jinginewa ba ta mayar da kai baya. Kana ci gaba da matsawa gaba, littafin dai ba zai zo maka ba sai ka saki, na bayanka kuma ya samu. Idan layi ya zo kanka kana da kwana 3 ka ara. Karon farko da ka bari suka wuce ba a soke maka, amma maimaitawa tana iya sa ka rasa gurbin, don haka ka bar sanarwar manhajar a kunne.

Wa'adin aro yawanci kwana 7 ne, ko 14, ko 21, gwargwadon abin da laburare ya yarda. Ana zaɓa ne a lokacin aro, kuma mutane da yawa ba sa lura cewa adadin kwanakin da ke rubuce a shafin ana iya taɓa shi a sauya. Ga babban littafi ka ɗauki mafi tsawo. Littafin sauraro mai awa 30 a kwana 14 yana bukatar sama da awa 2 kowace rana, ka auna kafin ka ɗauka. Damar sabuntawa tana fitowa saura kwana 3, amma idan akwai masu jira sai dai ka koma bayan layi. Babu tara, domin littafin da kansa yake komawa. Inda ka tsaya da jimlolin da ka yi wa alama a cikin littafin suna nan a ajiye har ka sake ara. Idan ka gama da wuri, ko ka ga littafin bai yi maka ba, ka mayar nan take. Akwai wanda ya yi wata biyu yana jiransa.

Inda ake samo sunaye daga waje

Rariya tana da iyaka, domin abin da ka riga ka san kana so take kawo maka. Don faɗaɗawa, jerin gasannin adabi suna da amfani, amma da dabara. Ranar da aka sanar da wanda ya ci gasar Booker ko Pulitzer, layinsa ya riga ya yi nisa. Ka shiga tun lokacin da aka fitar da dogon jerin farko, wanda a Booker yakan ƙunshi littafi 12 ko 13. Ko ka koma baya, ka ɗauko jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe shekara biyar ko goma da suka wuce, kusan duk za ka same su a zaune. Mai neman marubutan gida ya duba jerin gasar adabi ta Najeriya da kamfanin iskar gas na NLNG ke ɗaukar nauyi tun 2004, wadda ke zagayawa tsakanin ƙagaggen labari, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara. Waɗanda aka sake bugawa a Landan ko Niyok su ne aka fi samu a manhajar.

Laburare da yawa suna biyan kuɗin wani rumbu mai suna NoveList, kyauta ga mai kati. Ka sa sunan littafin da ka ji daɗinsa, ya kawo masu kama da shi tare da dalilin kamannin: saurin labari ne, ko yanayi, ko irin jarumin. Mai amfani da kwamfuta kuma yana iya ɗora Library Extension a burauzarsa, ta yadda duk littafin da ya buɗe a shafin bitar littattafai na Goodreads ko a Amazon za a nuna masa a gefe ko laburarensu yana da shi. Ga littafin ilimi, babu abin da ya kai ƙarshen littafi mai kyau: ka duba waɗanda marubucin ya dogara da su, ka nemi biyu ko uku da ya fi ambata. Sannan ma'aikacin laburare da kansa. Ka gaya masa littafi uku da ka so da ɗaya da ka ƙi, da dalili. Wanda ka ƙi ɗin yakan fi taimaka masa.

Idan ka nema babu

Da farko ka gwada sunan mahaifin marubucin kaɗai, domin littafi ɗaya yakan fito da suna daban a Ingila da Amurka, sunayen Larabawa da na Afirka kuma ana rubuta su ta hanyoyi da yawa. Idan har yanzu babu, Libby tana da bincike mai zurfi da ke nuna littattafan da laburarenku bai saya ba. Ka liƙa wa wanda kake so alamar "Notify Me". Idan an saya za a sanar da kai, ma'aikata kuma suna ganin yawan masu nema ba tare da sunayensu ba. Ka ƙara da cike takardar neman a sayo littafi a shafin laburaren. Wasu littattafan dai ba za su zo ba ko an nema, musamman waɗanda Amazon ya keɓe wa Audible, manhajarsa ta littattafan sauraro, ko Kindle, na'urarsa ta karatu, domin galibi ba a sayar wa laburare lasisinsu. A nan sai na takarda.

Littattafan Hausa kuwa ƙalilan ne ƙwarai a waɗannan manhajoji, domin maɗaba'un Kano da Zariya ba ta wannan hanyar suke rarraba kayansu ba. Ka duba rariyar harshe, in babu Hausa a ciki, babu ke nan a laburarenku. Na Larabci da Faransanci ana samu a manyan birane. Mai son yaransa su yi karatu da Hausa ya duba shafin African Storybook, akwai labaran yara masu hotuna kyauta, ba kati ba layi.

Na'ura da data

Littafin karantawa ba ya wuce 'yan megabayit, sai in mai hotuna ne. Na sauraro kuwa yakan kai ɗaruruwa. A saitin manhajar ka zaɓi a riƙa saukewa ta wayifai kawai, ko a taƙaita saukewa ta kai tsaye ga abin da bai kai megabayit 20 ba. Kafin tafiya ka tabbata akwai alamar an sauke a gefen littafin, in ba haka ba a jirgi ba zai buɗe ba. Tura littafi zuwa na'urar Kindle a laburaren Amurka kawai yake aiki. Mai zaune a Ingila ko Kanada da ke son na'urar karatu ya sayi Kobo, wadda aka gina aron laburare na OverDrive a cikinta. Idan ka sauya waya, kada ka fara daga farko: manhajar tana ba da lamba ta musamman da za ta kwashe katunanka da alamominka zuwa sabuwar. Idan kuma wata rana manhajar ta ƙi karɓar katin da ke aiki jiya, mafi yawan lokaci wa'adinsa ne ya cika, domin ana sabunta kati duk bayan shekara ɗaya zuwa uku. Laburare ne ke gyara wannan, ba kamfanin manhajar ba.

Mai zaune a Najeriya ko Nijar

Libby tana bukatar katin laburaren da ke cikin tsarin, don haka hanyar da ta fi sauƙi daga gida ita ce Open Library, laburaren intanet na ƙungiyar Internet Archive. Imel kaɗai ake bukata. Littattafan takarda ne aka ɗauki hotonsu shafi-shafi, ana ara na awa 1 ana sabuntawa, wasu kuma na kwana 14. Bayan shari'ar da manyan kamfanonin ɗab'i huɗu suka yi nasara a kanta a 2023, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar a watan Satumbar 2024, an janye littattafai sama da 500,000 daga aro. Saboda haka kada ka je neman sabon labarin da ke tashe. Ƙarfinta yana wajen tsofaffin littattafan da aka daina bugawa: tarihin Afirka ta Yamma, nazarin harshe, rahotannin zamanin mulkin mallaka, littattafan makaranta na shekarun 1960 zuwa 1980. Ka yi bincike da fanni, kamar Hausa ko Sokoto ko Bornu da rubutun Turawa na da, sannan ka tace waɗanda ake iya ara. Tun da hotunan shafuka ne, sun fi cin data kuma sun fi daɗin karantawa a babbar fuska. Aron awa ɗaya yana tafiya ne a burauza, don haka ka zauna inda sabis ke da ƙarfi, ka riƙa rubuta lambar shafin da ka tsaya. Littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare kuwa ba sa bukatar aro: Project Gutenberg yana da sama da 70,000, ka sauke sau ɗaya su zauna a wayarka. Ɗalibin jami'a kuma ya leƙa sashen intanet na laburaren makarantarsu ya tambayi rumbunan da aka biya wa kuɗi da lambar shigarsu, domin sau da yawa ana biya shekara ta ƙare ɗalibai ƙalilan ne suka taɓa buɗewa.